Tarkon Jan Tuna a Bahar Rum: Gado Ne Ko Ɓarna?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga bidiyon wasu masunta a kudancin Sifaniya sun kewaye wata raga da jiragensu suna ɗagowa, ga kifaye kowanne kamar bijimi suna ta dukan ruwa, ruwan ya koma ja wur. A ƙasan bidiyon an rubuta wai sana'ar ta shekara 3,000 kuma gado ce da ya kamata a adana. Abin da yake son sani: wane irin su ne wannan, yaya ake yin sa, kuma ta ina kashe kifin da aka ce ya kusa ƙarewa zai zama abin alfahari?

Malam, abin da ka gani wutsiyar aiki ne. Tun watan Fabrairu mutanen nan suke kansa, kai kuwa safiya ɗaya aka nuna maka, ita ma wadda ta fi jini.

A Sifaniya sunan wannan kamu almadraba, a Italiya tonnara, a Fotugal armação, a Maroko da Tunisiya kuwa masu Faransanci kan ce madrague. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin nahawu ya san "daraba Zaidun Amran". To daga wannan darabar sunan ya fito a Larabcin Andalus: almadraba, wato wurin duka. A tsibirin Sisili, inda Musulmi suka sauka a 827 kuma mulkinsu bai gama gushewa ba sai 1091, har kwanan nan shugaban masuntan tarko rais ake ce masa, ra'isi ke nan. Kiristoci ne su duka, ga gicciye da hotunan waliyyansu a bakin tarkon, amma sarautar da Larabci take.

Kifin ma ba shi ne na gwangwanin da muke saya ba. Na gwangwani yawanci ƙananan danginsa ne, irin waɗanda jirage ke saukewa a tashar Tema ta Ghana. Wannan shi ne babban wansu, mutanen Sifaniya da Italiya suna kiransa jan tuna saboda namansa ja ne kamar na sa. Samun mai kilo 200 ko 300 ba abin mamaki ba ne, an kuma taɓa kama mai kilo 679 a gaɓar Kanada a 1979. Jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, kuma ba ya tsayawa, domin sai yana tafiya baki buɗe ruwa ke ratsa masa ya samu numfashi. Yana kiwo a Tekun Atlantika ya yi ƙiba, sai daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni ya yi garke ya nufi Bahar Rum don zuba ƙwai a ruwa mai ɗumi, wajen tsibiran Baleyar da kudancin Italiya da Malta. Ƙofar shiga guda ce tak, mashigin Jibraltar, wanda faɗinsa a inda ya fi matsewa kimanin kilomita 14 ne. Mai shiga da kitsensa yake, shi ne mai tsada. Mai fitowa a Yuli da Agusta ya rame, ya zubar da abin da ya kawo. Wanda ya san lokaci kuma ya san ƙofa ba sai ya yi farauta ba, jira kawai zai yi. Duk sana'ar a kan wannan aka gina ta.

Idan ka taɓa ganin dumba a tafkin Chadi ko fadamun Hadejia da Nguru, inda ake jera gura a tare wa kifi hanya, ka riƙe wannan hoton sannan ka kai shi teku mai zurfin mita talatin da wani abu. Ana kafa katangar raga tun daga kusa da gaɓa ta miƙe cikin teku tsawon kilomitoci, samanta na iyo da balo-balo, ƙasanta an danne da sarƙa da dalma, ga ɗaruruwan anga, wato manyan ƙugiyoyin ƙarfe da ke cizon ƙasan teku, kowace da igiyar ƙarfe tana riƙe da ginin kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Wannan katanga ita ake kira rabera. Abin da zai ba ka mamaki shi ne idanun ragar manya ne ƙwarai, ƙananan kifaye wucewa suke abinsu. Ba ta kama komai. Aikinta ta tsorata shi. Jan tuna ya gan ta ya ɗauka bango ne, sai ya juya ya bi gefenta yana neman ruwa mai zurfi, ita kuwa ta raka shi har bakin gida.

Gida na ce, don kuwa gida ne. Wani dogon fili ne mai kusurwa huɗu da aka raba ɗaki-ɗaki da labulen raga. Bakinsa an yi shi kamar mazurari, shiga da sauƙi, fita sai an dace. A gaɓar Kadis ta kudancin Sifaniya ɗakunan suna da sunaye: cámara, buche, a wasu tarkunan da bordonal, sai na ƙurya, copo. Ɗakunan farko ba su da daɓe, ƙasan teku ne ƙasansu, kifi na iya kwanaki a ciki yana zagaye lafiya lau. Na ƙuryar ne kaɗai ke da shimfiɗar raga mai kauri a ƙasa, wadda za a iya ɗagowa. Mutanen Sisili ba su ɓoye-ɓoye ba, suka sa masa suna ɗakin mutuwa.

Ranar ɗagawa, wadda a Kadis ake ce wa levantá, ba kalanda ke sa ta ba. Da asuba masu nutso kan shiga su ƙirga kifin da ke ciki su faɗa wa kyaftin. Shi kuma ya dubi iska, ya dubi igiyar ruwa. Idan iskar gabas ta mashigin, levante, ta taso, sai a koma gida ko da ɗakin cike yake. Idan ruwa na gudu da ƙarfi, raga kan kwanta, ba ta ɗaguwa, don haka ana jiran ɗan lokacin nan da ruwa ke lafawa tsakanin cika da janyewa. In komai ya daidaita, sai ƙananan jirage biyu su ja wani labulen raga su kora garken daga ɗaki zuwa ɗaki har ya faɗa na ƙurya, a rufe ƙofa. Jirage su kewaye ta kowane gefe. A fara ɗago daɓen, taku-taku, jiragen na matsowa juna, filin na tsukewa. Da farko ba ka ganin komai sai ruwa mai duhu. Can sai inuwoyi su fara gilmawa a ƙasa. Sai ƙayar baya ta huda saman ruwa, ɗaya, biyu, goma. Daga nan ruwan ya rikice kamar tukunya na tafasa, jela na duka, kumfa na tashi sama da kan mutum, ba ka jin muryar na kusa da kai. A da a nan ne ƙarti ke sunkuyawa ko su dira cikin ragar da ƙugiya a hannu, su caka wa kifi su yi amfani da zillonsa su wurga shi cikin jirgi. Jelar kifi mai kilo 250 in ta sami mutum a baya ko a ƙafa, sai dai a ɗauke shi.

A tudu kuma akwai wani aikin da shi kansa abin kallo ne, fiɗar kifin, ronqueo. Kalmar daga minshari take. In mai fiɗa ya ja doguwar wuƙarsa a kan ƙashin baya, ƙarar da take yi "grrr" kamar mai barci ya saki baki. Yakan fara cire kai da jela, ya tsaga jikin gida huɗu, biyu na baya masu duhu, biyu na ciki masu haske, sannan ya bi lungu-lungu yana fitar da yanka fiye da ashirin, kowanne da sunansa da farashinsa da irin girkin da ya dace da shi: morrillo na ƙeya mai kitse, ventresca na tumbi, tarantelo, har da naman kumatu da wanda ake kankarowa da cokali daga tsakanin haƙarƙari. Tsokar baya ana yi mata gishiri a shanya a iska ta zama mojama, a yanka ta siriri, kusan dai kilishinsu ke nan ba tare da labu ba, kuma wannan sunan ma Larabci ne asalinsa. Ƙwan ana matse shi a busar. Zuciya ana yi mata gishiri. Ba abin da ake zubarwa.

Yanzu batun shekara 3,000. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma gishirin masu talla. Gaskiyar ita ce Finikawa, mutanen dā daga gaɓar Labanan ta yanzu, waɗanda suka kafa birnin Gadir, Kadis ta yau, sun yi arziki da wannan kifi har suka buga hotonsa a kan kuɗinsu. A Baelo Claudia, kufan wani garin Rumawa da ke bakin teku kusa da Tarifa, har yau ga ramukan dutse da ake jiƙa kifi da gishiri a ciki, ana kuma yin garum, wani ruwan kifi mai wari da Rumawa ke ji da shi kamar yadda muke ji da daddawa. Al-Idrisi, ɗan garin Sabta na gaɓar Afirka ta mashigin Jibraltar, wanda ya rubuta wa sarkin Sisili littafin ƙasashe a 1154, ya ambaci kamun tuna a garinsu da kuma Sisili. To amma kamun kifin ne ya daɗe haka, ba wannan ginin raga da ka gani ba. A gaɓar Kadis ƙarnuka da dama wata dabara ake yi daban: mai gadi ya hau hasumiya, in ya hango garke ya ba da alama, jirage su ruga su kewaye shi da taru, ɗaruruwan mutane su ja zuwa gaɓa. Kafaffen tarko mai ɗakuna ya fi tsufa a Sisili da Sardiniya, bai zama ruwan dare a Kadis ba sai ƙarni na 19. Saboda haka in an ce maka "ba abin da ya canza tun zamanin Finikawa", ka yi murmushi kawai.

Kada kuma ka ɗauka sana'ar talakawa ce masu cin gashin kansu. Kafa tarko ɗaya na cin dukiya, don haka kullum a hannun manya yake. A Andalus gidan sarautar Medina Sidonia ne ya riƙe ikon kamun shi kaɗai na ƙarnuka har aka soke a 1817, kuma a tsakiyar ƙarni na 16 akwai shekarun da tarkunansu na Conil da Zahara suka haura kifi 100,000. Daga 1928 zuwa farkon shekarun 1970 wani kamfanin haɗin gwiwa da gwamnati ya karɓa, ya gina ƙauyukan ma'aikata sukutum da makaranta da coci, irin Sancti Petri, wanda ya zama kufai da kamfanin ya rushe. A Sisili kuwa gidan attajiran Florio ne suka sayi tsibiran Egadi a 1874 suka gina ƙatuwar masana'antar sa tuna a gwangwani da man zaitun a Favignana. Masu jan raga dai leburori ne, wahala tasu, riba ta wani. Wannan ma yana cikin gadon, ko da yake ba a cika sa shi a takardun jawo baƙi ba.

Amfani ɗaya da mulkin manyan nan ya bari shi ne lissafi. Magatakardan sarkin Medina Sidonia sun rubuta yawan kifin kowace shekara tun ƙarni na 16, kuma takardun suna nan a taskar gidan a Sanlúcar de Barrameda. Da masana suka haɗa su da na Italiya da Fotugal da Tunisiya, sai suka ga yawan kifin na hawa da sauka a zagaye mai tsawon kusan ƙarni guda, tun kafin a ƙera injin jirgi. Tun a 1757 wani malamin coci, Martín Sarmiento, ya rubuta wa sarkin bayani kan dalilin raguwar kamu. A fagenmu na nazarin kifi samun lissafin shekara ɗari huɗu a kan kifi ɗaya abu ne mai wuyar gaske, kuma tarko ne ya ba mu shi, saboda yana wuri ɗaya yana auna abin da ya wuce.

Sai babbar tambayarka. E, kifin ya kusa durƙushewa, amma ba tarko ne ya kai shi ba. Daga shekarun 1980 kasuwar Japan ta ɗanyen kifi ta sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Daga tsakiyar shekarun 1990 kiwon turke ya bazu a Bahar Rum: manyan jirage masu injin, da jirgin sama na leƙa musu, su sami garke a daidai inda yake zuba ƙwai, su zagaye shi da raga su zuge ƙasanta kamar bakin jaka, su ja shi da rai zuwa keji a yi masa ɗura da ƙananan kifaye har ya yi kitse. Tarko yana ɗibar wanda ya ratso kusa da gaɓa ne kawai, kuma manya, waɗanda sun riga sun hayayyafa shekaru. Wannan kuwa garken yake kwashewa gaba ɗaya. Hukumar ICCAT mai hedikwata a Madrid, wadda ke raba kason tuna a Atlantika, ta yarda a kama wajen tan 30,000 a shekara, amma masananta sun ƙiyasta cewa abin da aka kama a 2007 ya kai wajen tan 60,000. Tura ta kai bango. Aka fara shirin farfaɗowa a 2007, aka hana kama mai ƙasa da kilo 30, aka hana jirgin leƙe, aka rage kwanakin kamu, aka zaftare kason har ya sauko tan 12,900 a 2011. A 2010 ƙasar Monako ta nemi a haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a taron Doha, ba ta yi nasara ba, amma tsoron hakan ya sa kowa ya shiga taitayinsa. Kifin kuwa ya dawo fiye da yadda aka zata. A 2021 aka cire shi daga jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa, kuma kason shekarun 2023 zuwa 2025 ya kai tan 40,570. Yau a Kadis yakan faru tarko ya cika kasonsa tun kaka ba ta ƙare ba, a buɗe ƙofa a saki sauran su wuce.

Game da jinin, ba zan ce maka abin kallo ne mai daɗi ba. Mu a wajenmu kifi ba ya buƙatar yanka, amma hakan bai halatta azabtar da shi ba, kuma tsohon salon ƙugiya azaba ce. Sai dai ka duba shekarar bidiyon. A yawancin tarkunan yau ba a ɗago ragar har kifi ya fara shure-shure. Mai nutso ne ke shiga da wata sanda mai harsashi a baki, lupara, ya ɗora wa kifi a ka, nan take ya mutu, a ɗaga shi da inji a sa cikin ruwan ƙanƙara, wanda za a ajiye a daskarar da shi a sanyin digiri 60 ƙasa da sifili. Ba tausayi ne ya kawo canjin ba, kasuwa ce. Kifin da ya sha fama kafin ya mutu jikinsa kan yi zafi, namansa ya dusashe ya yi tsami, masu saye na Japan su karya farashinsa. Ko ma dai mene ne dalilin, kifin ya huta.

To ina gadon yake? A ganina yana cikin kan mutanen, kuma a nan ne kwatanta Favignana ta Sisili da Barbate ta gaɓar Kadis ke da amfani. A Favignana komai na al'ada ya cika. Rais yana tsakiyar ɗakin mutuwa a ƙaramin kwalekwalensa yana ba da umarni da hannu, ma'aikata na jan raga suna rera cialome, mai bayarwa na bayarwa ana amsa masa da "aja mola", kalmar da wasu masana ke ganin "ya maula" ce ta Larabci ta sha hanya. A jikin bangon masana'antar akwai allon dutse da ke cewa a 1859 an kama tuna 10,159. Da kifi ya yi ƙaranci sai aka koma dogaro da 'yan kallo masu sayen tikiti, har aka yi kamu na ƙarshe a 2007. Masana'antar ta zama gidan tarihi, kuma Gioacchino Cataldo, wanda aka fi sani da rais na ƙarshe, ya rasu a 2018. Da aka yi yunƙurin farfaɗo da tarkon a 2019, kason da aka ba shi tan 14 ne. Raba wannan da kilo 200, kifi 70 ke nan. Ba mai zuba ɗaruruwan anga a teku ya biya ma'aikata wata da watanni saboda kifi 70, sai aka fasa. Kifi ya dawo ruwan Sisili, amma an raba kaso bisa abin da kowa ya kama a shekarun ɓarna, sai wanda ya fi ɓarna ya fi samu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin.

A gaɓar Kadis kuwa tarkuna huɗu na aiki har yau: Barbate, Zahara de los Atunes, Conil da Tarifa. Sun bar waƙa, sun kawo inji da raga ta roba da masu nutso, mai son tsantsar gargajiya zai ce sun ɓata abin. Amma a can har yanzu akwai wanda ya san inda kowace anga za ta faɗa, ya san yadda ake karanta igiyar ruwan wannan gaɓa ba ta wata ba, kuma akwai saurayi a bayansa yana koyo, domin akwai albashi a ƙarshen wata. Ilimin kafa tarko ba a allo yake ba. Tsofaffin rais na riƙe shi ne a ka ko a ɗan littafin aljihu, su ba ɗa ko wanda suka yarda da shi, kuma in aka yi shekara goma ba a jiƙa raga ba ya tafi ke nan. A Mayu garuruwan nan kan cika da baƙi masu zuwa cin tuna, haka ma Carloforte ta Sardiniya da bikinta na Girotonno, garin da zuriyar mutanen Jenowa da suka taso daga Tabarka ta Tunisiya suka kafa a 1738. Maroko ma na da nata tarkunan a gaɓar Atlantika, wajen Larache da Tanja.

Ba kuma zan wanke su tas ba. Tarkuna da dama yanzu su ma suna zuba wani ɓangare na kamunsu a keji don ɗura, na Sardiniya har Malta ake jan su da rai, ta yadda mutanen garin kan ga kifinsu ya wuce ba su taɓa shi ba. Ga kuma sabuwar annoba: wata ciyawar ruwa 'yar asalin gabashin Asiya da aka fara gani a mashigin wajen 2015, tana liƙe wa raga ta yi mata nauyi har ta yage.

Idan wata rana hanya ta kai ka kudancin Fotugal, ka nemi bakin tekun Barril kusa da Tavira. Tarkon wurin ya daina aiki a shekarun 1960 da kifi ya ƙaurace wa gaɓar. Ɗakunan da iyalan masunta ke zama a lokacin kaka sun zama shagunan sayar da abinci, angarsu kuwa fiye da ɗari an jera su layi-layi a kan tudun yashi, sun yi tsatsa, ciyawa ta fito a tsakaninsu. Mutanen wurin suna kiran filin maƙabartar anga.